Fulawar Ofis da ta Mayar da Ghali Malam

Shekara tara muka yi da Ghali a gidan haya ɗaya a Kwamba, kusa da Abuja. Bango ɗaya ya raba ɗakina da nasa, baranda ɗaya muke tarayya a kai, keken ɗinkina a wannan gefe, tabarmarsa a wancan. Don haka in na ce na san shi, ba sanin shanu nake nufi ba. Na san tarinsa na asuba, na san yadda yake jan takalmi, na san yadda muryarsa take ƙanƙancewa in wayarsa ta yi ƙara ya ga maigidansa ne na Abuja. A duk tsawon shekarun nan, ni Ummulkhairi ban taɓa jin mutumin nan ya ce bai san wani abu ba.

Ka tambaye shi hanyar garin da bai taɓa takawa ba, zai kwatanta maka har inda za ka sha kwana. Ka tambaye shi yaushe za a kawo wuta, sai ya duba agogo. Ranar da injin markaɗen Maman Temitope, Bayarabiyar da ke ɗakin ƙarshe, ya tsaya, shi ne ya tsaya a kan bakanike yana ba da umarni, hannuwa a baya, alhali ko batir bai iya sa wa tocila daidai ba.

Mutumin wani ƙauye ne a bayan Giwa, ɗan fari a ɗakinsu. Ya yi sakandare zuwa aji uku, ya ce malaman ba su da abin da za su ƙara masa. Ya sayar da katin waya a Zariya, ya yi acaɓa har mai mashin ya karɓe kayansa, sannan wani kawunsa ya samo masa aikin masinja a wani ofis a Abuja. Aikinsa kai fayil daga wannan tebur zuwa wancan, sayo wa ma'aikata abinci, da dafa ruwan shayi. Ba aibu a nan, halal ne, ni ma keke nake takawa kafin in ci. Abin haushin shi ne yadda yake fita kullum da sassafe da jakar kwamfuta a kafaɗa, wadda ba komai a cikinta sai kular abinci da silifas, katin shaidar aiki rataye a wuya har ranar Asabar. In an tambaye shi me yake yi a ofis sai ya ce, "Muna ɓangaren gudanarwa." Duk da haka ba wanda ya ɗauke shi a bakin komai a gidanmu. Ghali ake ce masa gatsau, ba Malam, ba Alhaji, ba Yallaɓai. Wannan abu yana cin sa a rai, har ya kai shekara arba'in da biyar bai daina cin sa ba.

Wata ranar Alhamis, shekara huɗu da suka wuce, ya sauko daga keke napep rungume da bokitin roba. Ina kan ɗinki na ji yana faɗa wa matarsa Umaima cewa ana gyaran ofis, an kawo sababbin kujeru, an fitar da tsofaffin fulawoyi bakin bola, shi ne ya tsinto wannan. Abar ta kusa mutuwa. Ganye uku suka rage mata, sauran sun yi rawaya sun langaɓe. Amma ukun nan suna da kyau, ba zan yi ƙarya ba. Kowanne ya kai faɗin tafin hannu biyu, kore shar, da fararen zane da suka taso daga jijiyar tsakiya suka nufi gefe kamar an ja da alli.

Asabar ta gaba sai ga wani dattijo, Filibus, mutumin Garam, wanda shi ne mai kula da fulawoyin ofishin su Ghali. Ya zo da tukunyar ƙasa irin ta Gwari da ya huda wa gindi, da ɗan buhu na baƙar ƙasa gauraye da yashi da busasshen kashin shanu. Ya durƙusa a barandarmu ya zare shukar daga bokiti, ya yanke ruɓaɓɓun saiwoyi da reza, yana aiki yana bayani.

"Ba ta son rana kai tsaye, Ghali. Haske take so, amma a inuwa. Kafin ka ba ta ruwa ka sa yatsa a ƙasar, in ka ji danshi ka ƙyale ta. Ruwan bohol ɗin nan naku zai ƙona mata bakin ganye, ka tari na sama ka ajiye."

"Ai na sani," in ji Ghali.

Filibus ya wanke hannunsa da sabulu har sau biyu, sannan ya ce, "Ka ji wannan da kyau. Ruwan jikinta dafi ne. In ya shiga baki, leɓe ya kumbura, harshe ya kumbura, mutum ya kasa magana. Wani har numfashi yake gagarar sa. Gidan nan akwai yara, ka gaya wa kowa."

"Ai na sani," ya sake cewa.

Ni na ji, Umaima ta ji. A ranar na tara 'ya'yana na ce duk wanda na ga hannunsa kusa da tukunyar nan sai na karya hannun. Ghali kuwa bai gaya wa kowa ba.

Zan ba shi haƙƙinsa a wuri ɗaya. A duk rayuwarsa, kula da shukar nan shi ne abu guda da na ga ya iya. Mutumin da bai taɓa ɗaukar tsintsiya ba, sai ga shi da jarkoki uku a ƙarƙashin indararo da zarar hadari ya haɗu. Ya ware mata tsumma nata, fari, wanda yake jiƙawa yana goge ganye ɗaya bayan ɗaya, sama da ƙasa, kowace Asabar. Duk Juma'a yana juya tukunyar kaɗan don kada ta karkata wajen haske. Da zafin Maris ya zo, bakin ganyen ya fara bushewa, sai ya samo kwalbar feshi irin ta masu aski yana fesa mata ruwa safe da yamma, ya ɗora tukunyar a faranti mai tsakuwa da ɗan ruwa. Da wasu fararen ƙwari masu kama da auduga suka kama ta, kwana huɗu ya yi yana bin su da ruwan sabulu da tsinken kunne. Umaima ta yi zazzaɓi sati guda a wannan lokacin, ni na dama mata kunu, shi yana can yana farautar ƙwari. Cikin wata shida shukar ta yi ganye goma sha biyu, ta kai ƙugu, duk wanda ya shigo gidan sai ya tsaya ya dube ta.

Daga nan abin ya faro. Wata Asabar yana gogar ganyensa, mazan gidan suna zaune a benci suna yi masa dariya ƙasa-ƙasa. Ƙato da gemu, yana shafa ganye kamar mai yi wa amarya kwalliya. Stanley, mai sayar da kayan gyaran janareto, ya ce, "Oga Ghali, wannan ganye naka, ana miya da shi?"

"A'a."

"To yana yin 'ya'ya?"

"Ba ya yi."

"To abeg, na mene ne? Wannan wahala duka don me?"

Amsar kalma biyu ce, ado ne. Ko ya ce a bolar ofis ya tsinta, ta ba shi sha'awa. Da an yi dariya an wuce wurin. Ina kallon sa, kunnuwansa sun yi zafi, tsumma a hannu. Sai ya gyara tsayuwa, ya lumshe ido, ya ce, "Stanley, ba kowane abu ake faɗa a tsakar gida ba."

Dariya ta ɗauke a benci. Mutanen gidanmu, Musulminsu da Kiristansu, ba wanda zai yarda cewa mai hankali zai yi wa shuka irin wannan hidima ba don ci ba, ba don sayarwa ba. To in ba a ci, ba a sayarwa, me ya rage in ba magani ba? Da yamma Stanley ya lallaɓo shi kaɗai ya ce kasuwa ta yi masa nauyi. Ghali ya yanko wani tsohon ganye da ya riga ya bushe, wanda dā ma zubar da shi zai yi, ya naɗe a takarda ya ce ya sa a ƙarƙashin teburin shago. A satin nan taransifomar wata unguwa ta ƙone, kowa ya fito da janaretonsa, Stanley ya yi ciniki har ya rasa inda zai sa kansa. Ya dawo da doya biyar da zakara, ya rusuna ya ce, "Malam, na gode."

Ban taɓa ganin fuskar ɗan Adam ta buɗe irin yadda ta Ghali ta buɗe a ranar ba. Abin da ya yi shekaru yana nema da jakar kwamfuta bai samu ba, busasshen ganye ya ba shi.

Kafin damina ta fita ya sayi carbi mai dubu, ya sayi buzu, ya daina rataya katin aiki ranar Asabar. Mutane suka fara zuwa daga wasu gidaje, har daga Tafa wata mata ta zo. Wani a ba shi busasshen ganye ya sa a aljihu don neman aiki, wata a ba ta ruwan da ya ɗiga daga gindin tukunya ta yayyafa a ƙofar shago. Ghali bai taɓa buɗe baki ya ce maganin kaza ne ba, wayonsa ke nan. Mutane ne suke faɗa, shi yana gyaɗa kai. Wannan ya ce ya ji tana maganin maƙiya, ya gyaɗa. Waccan ta ce an ce har gyambon ciki da ciwon haƙori, ya gyaɗa. Doka ɗaya ya kafa, kada kowa ya taɓa ta sai da izininsa. Bai faɗi dalili ba, su kuma suka ɗauka sharaɗin asiri ne. Tun daga lokacin tsoro ɗaya ya rage masa a duniya, kada a gane cewa fulawar ado ce daga bolar ofis, ya koma Ghali gatsau.

Ni da farko dariya abin yake ba ni, kuma wannan laifina ne, ban ɓoye ba. Ina taka keke ina kallon manyan mutane suna cire takalmi don gaida tukunyar fulawa. Da na ga abin ya yi yawa na gaya wa Maman Temitope gaskiya. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Maman yara, hassada ba kyau." Na koma wurin Umaima, wadda ta ji Filibus da kunnenta. Ta riƙe hannuna ta ce, "Yaya, ki rufa mana asiri. Tun da aka fara ce masa Malam ya daina yi mini tsawa."

Shi ma na tare shi wata safiya yana sa yatsa a ƙasar tukunya.

"Ghali, ka gaya wa mutanen nan dafi ce."

"Na ce kada kowa ya taɓa. Bai isa ba?"

"Ka faɗi dalili. Jiya na ji ana cewa tana maganin haƙori, kana zaune kana gyaɗa kai."

"Ke dai ki ji da ɗinkinki," ya ce, ya goge yatsansa a tsumma.

Ba zai iya faɗa ba. Ya riga ya gyaɗa kai ga haƙori, ga maƙogwaro, ga ciki. In ya dawo ya ce ba a sa ta a baki, sai a tambaye shi to gyaɗa kan na mene ne. Na tsani raggon namiji, amma raggon da ya sa rawani ya fi ba ni haushi.

Bara da damina mahaifiyarsa ta zo daga ƙauye za ta yi mana sati uku. Inna muke ce mata duka gidan. 'Yar tsohuwa ce siririya, mai tsafta, ba ta zama haka kawai. Kwana biyu da zuwanta ta gyara wa kowa wake, ta koya wa Maman Temitope kaɗa miyar kuka ba gudaji. Irin matan dā ce masu kunyar ɗan fari. Tun da ta haifi Ghali ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta haɗa ido da shi, ba ta yi masa magana kai tsaye. In yana wuri ba ta cin abinci. In tana da saƙo gare shi, Umaima take gaya wa, ko da yana zaune a gabanta. "Ki ce wa wannan ruwa ya ƙare," haka take cewa.

Amma ina ganin idonta in baƙi sun zo suna rusuna wa ɗanta. Takan kau da kai kamar ba ta gani ba, tana tsince shinkafa, bakinta yana motsi da addu'a. Wata rana tana taya ni warware zare ta ce a hankali, "Ashe mutane suna zuwa wurin wannan." Ban iya gaya mata gaskiya ba. Tsohuwa ta sha wahalar ɗa shekara da shekaru, ta zo ta tarar ana girmama shi, ni wace ce da zan kwance mata zani a kasuwa? Na ce, "Suna zuwa, Inna."

A sati na biyu haƙori ya kama ta, na can ƙurya. Ta ɗaure haɓa da ɗankwali, ta sa kanumfari, ta kurkure da ruwan gishiri, bai lafa ba. Umaima ta ce bari ta gaya wa Ghali a kai ta asibiti, Inna ta hana. Ta yaya za ta kai ƙarar bakinta wurin ɗan fari? Shi kuma yana fita da asuba ya dawo bayan magariba, bai lura uwarsa ta kwana uku ba ta tauna komai ba. Da ganye ɗaya ne ya yi rawaya da tun daga bakin ƙofa zai hango.

Ranar Talata na tafi kasuwa sayen zare da zif. Abin da ya faru a bayana daga baya na ji shi. Maman Temitope ta tarar da Inna tana riƙe da kunci, ta ce, "Mama, magani yana gidanki kina shan wahala? Ganyen Malam yana maganin haƙori, kowa ya sani." Umaima tana bayan gida tana wanki. Inna ba za ta iya neman izinin ɗanta ba, ba za ta iya tambayar sa yadda ake amfani da shi ba. Ta yi bisimilla ta tsinki ɗanyen ganye, ta naɗe, ta tura can kan haƙorin ta tauna, yadda ake yi da kowane ganyen magani a ƙauye. Da ta ji raɗaɗi ta ɗauka aikin maganin ne, ta ƙara taunawa.

Na dawo wajen ƙarfe goma na tarar da ita zaune a ƙasan baranda, leɓɓanta sun kumbura sun juye, miyau yana zuba a kan zaninta, harshe ya cika baki. Tana so ta yi magana, ba abin da ke fita sai gurnani. Idonta yana ta zubar da ruwa. Umaima tana tsaye tana salati, hannu duk kumfa. Na ga guntun ganye mai zane a gefen tabarma, na watsar da ledar zare na fita da gudu na tsayar da keke napep.

Wani ƙaramin asibiti muka kai ta, ni da Umaima. Nas ta tambaya me ta ci. Umaima ta kira Ghali a waya ta sa a sifika.

"Malam, Inna ce, ta tauna ganyen nan. Muna asibiti, suna tambayar ko mene ne."

Ina jin ƙarar faranti da cokula a bayansa, yana kicin ɗin ofis.

"Wa ya ce ta taɓa?" Abin da ya fara fita daga bakinsa ke nan.

"Suna tambayar sunan ganyen."

"Ki ce musu, to, ganye ne na musamman. Ina zuwa."

Na fizge wayar na kashe. Na miƙa wa nas guntun ganyen na ce, "Fulawar ado ce, irin ta ofis. Mai kula da ita ya ce dafi gare ta." Nas ta juya ganyen ta ce, "Au, irin wadda ke bakin ƙofarmu?" Na leƙa. Ga ta nan kuwa a wani tsohon bokitin fenti kusa da bencin jira, zanenta iri ɗaya sak, wani ma ya jefa ɓawon gyaɗa a ciki.

Suka wanke mata baki, suka yi mata allura, suka ba ta ƙanƙara ta riƙe a baki, suka ce sai an ga yadda numfashinta zai kasance. Awa biyu ina zaune ina kallon ƙirjin tsohuwar nan yana hawa yana sauka. Allah ya taƙaita, kumburin bai kai maƙogwaro sosai ba. Ghali ya iso bayan azahar da jakarsa ta kwamfuta, ya wuce bokitin fentin nan bai ko kalle shi ba, ko kuma ya kalla ya yi kamar bai gani ba. Ya tsaya a bakin gado yana tambayar nas wace allura aka yi, yana gyaɗa kai kamar shi ya rubuta ta. Inna ta ja mayafi ta rufe bakinta, don ko a wannan hali kunyar sa take ji.

Kwana ɗaya ta yi a can. Washegari da aka sallame ta, ni na riƙe ta muka fito, Ghali yana wurin aiki. A bakin ƙofa ta ja ta tsaya. Ta daɗe tana duban shukar da ke cikin bokitin fenti, ta dubi ɓawon gyaɗan. Harshenta bai gama saɓewa ba, maganar da ƙyar take fita.

"Irin ta wannan ce?" ta ce, tana nufin ɗanta.

Na gaji da rufa-rufa. Na ce, "Ita ce, Inna. Fulawa ce ta ado. A bolar ofishinsu ya tsinto ta. Ba ta maganin komai, kuma an gaya masa dafi ce tun ranar farko, a gabana."

Ta gyara mayafinta, muka shiga keke. Har muka iso Kwamba idonta yana kan titi.

Ranar Asabar bayan la'asar mutanen gida da na maƙwabta suka taru a baranda yi wa Inna sannu. Tana zaune a tabarma a gefe, leɓenta ya saɓe amma ya yi ɓawo. Ghali yana kan buzunsa da carbi, shukar tana bayansa, ya riga ya yanke kututturen ganyen da aka tsinka ya shafa masa toka. Labari ya zaga, har da cewa nas ta ce akwai irinta a asibiti. Ba ni na faɗa ba, amma ban yi baƙin cikin fitarsa ba. Maman Temitope tana zaune tsuru-tsuru, don ita ta ba da shawarar. Stanley ne ya yi tambayar da kowa ya zo da ita.

"Malam, ni ban gane ba. Magani ne, ya yi wa Mama haka? Kuma wai an ce fulawa ce kawai, wai akwai ta a asibiti cikin bokiti. Gaskiya ne?"

Carbi ya tsaya a hannun Ghali. Gumi ya tsattsafo masa a goshi duk da sanyin hadari. Ya dube ni, na dube shi, ban ƙifta ba. Na ɗauke ƙafata daga kan keke, na ce a raina yau dai ko ya faɗa ko in faɗa. Wallahi na ɗan lokaci na zaci zai faɗa, har na fara jin tausayinsa.

Sai Inna ta yi gyaran murya. Ta sauke mayafi daga bakinta, ta juyo gaba ɗaya ta fuskanci ɗanta, ta dube shi ido cikin ido. Umaima ta dafe ƙirji, don ba ta taɓa ganin haka ba. Shekara arba'in da takwas matar nan ba ta yi wa ɗanta magana kai tsaye ba, sai yau, a gaban Yarabawa da Inyamurai da mu duka.

"Malam," ta ce, harshenta yana sarƙewa. "Laifina ne. An ce ba a taɓawa sai da izini, ni kuma na taɓa. Abin da ya same ni, ni na ja wa kaina. A yafe mini."

Ta sani. Ni na gaya mata da bakina, ta ga bokitin fenti da idonta. Ta zaɓi ta zama tsohuwa mai karambani a idon mutane, don kada a yi wa ɗanta dariya. Na dubi Ghali ina jira ya faɗi a gabanta, ya riƙe ƙafarta, ya ce Inna ki daina, ƙarya nake yi. Ko kare aka yi wa haka ya sunkuyar da kai.

Ghali ya sauke ajiyar zuciya. Ya goge goshi, ya gyara zaman hularsa, ya dubi Stanley ya dubi sauran don ya tabbatar kowa ya ji. Carbi ya ci gaba da tafiya.

"Ba komai, Inna," ya ce. "Na yafe. Sai dai a kiyaye gaba."

"To," in ji Inna. Ta mayar da mayafin ta rufe bakinta.